Gurbin da Ba a Zata Ba Wajen Musanya Bayanai a Manhajar R

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe da dama sun rungumi manhajar ƙididdiga ta R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. A wannan manhaja, alamar NA na nufin gurbi, wato bayanin da ba a samu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sau da yawa umarnin da mai nazari ya rubuta don gyara bayanansa shi ne ke haifar da gurbin, alhali bayanan sun zo cikakku daga fagen bincike.

2.0 Musabbabin Matsalar

Dalili na farko ya shafi jerin bayanai da R ke kira factor, wanda ba ya karɓar komai sai rukunonin da aka riga aka ƙayyade masa. Alal misali, mai nazarin karin harshe yana da jeri mai rukuni uku: Kano, Katsina da Sokoto. Idan ya umarci manhajar ta musanya Sokoto da Sakkwato, sai ta zuba NA a duk inda Sokoto take, domin Sakkwato ba ta cikin rukunonin. Gargaɗi kawai take bayarwa, sannan ta ci gaba da aiki. Kafin fitowar R 4.0.0 a shekarar 2020, manhajar kan mayar da jerin kalmomi zuwa factor da kanta yayin karanta jadawali, don haka tsofaffin umarni sun fi faɗawa wannan tarko.

Dalili na biyu shi ne saɓanin rubutu. Umarnin match yana neman kalma a cikin jerin musanya, kuma yana bayar da NA idan bai same ta ba. A wurin kwamfuta, ƙasa da kasa da k'asa kalmomi ne uku mabambanta.

Dalili na uku shi ne sharaɗi. Idan an ce wa umarnin ifelse ya kira duk wanda ya haura shekara 40 babba, sauran kuma matasa, to mai maganar da ba a rubuta shekarunsa ba zai fito da NA, saboda abin da ba a sani ba ba ya gwaduwa da 40.

Akwai kuma gurbin da ke shigowa tun wajen karanta jadawali. R na ɗaukar rubutun NA da manyan baƙaƙe a matsayin gurbi, ko da kalmar Hausa na ake nufi. Haka ma pandas ta harshen Python take yi wa kalmar nan.

3.0 Illa da Magani

Illar ita ce umarnin table ba ya nuna gurbi sai an buƙata, shi kuwa lm yakan jefar da duk layin da ke da NA. Ta haka masu magana da Sakkwatanci za su iya ɓacewa baki ɗaya daga sakamako ba tare da mai nazari ya ankara ba.

Hanyar ganowa ita ce a ƙidaya gurabe da is.na kafin musanya da kuma bayanta. Idan adadin ya ƙaru, umarnin ne ya jawo. Daga nan sai a duba rukunonin da levels, a sauya sunan rukunin a can, ko kuma a mayar da jerin zuwa kalmomi zalla da as.character kafin a musanya. Ya kamata kuma a daidaita rubutun ɓ, ɗ da ƙ tun farko.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa wajibi ne mai nazari ya adana asalin bayanansa ba tare da taɓawa ba, ya karanta kowane gargaɗi, sannan ya tabbatar adadin masu magana da ya shiga lissafi ya yi daidai da wanda aka tattaro kafin ya yanke hukunci kan wani karin harshe.