Tsohon Kiɗa a Cikin Sabuwar Na'ura

Kiɗan da masu sa faifai, waɗanda ake kira DJ, ke sakawa a gidajen biki na unguwar Dogo Tebo a Potiskum yawancinsa ba daga hannun makaɗi ya fito ba, domin a kwamfuta ake haɗa shi, kuma salon da ke ƙarƙashinsa yana da dogon tarihi da ya faro daga baƙaƙen fata na Amurka da Jamaika. A shekarun 1970 masu haɗa sauti na birnin Kingston, musamman King Tubby, suka ƙirƙiro dabarar dub, wato a ɗauki waƙar rege da aka gama, a janye muryar mawaƙi, a bar ganga da jita mai kauri, sannan a ƙara musu amsa-kuwwa, abin da ya mayar da mai haɗa sauti shi ma makaɗi.

A Shikago kuwa, inda Frankie Knuckles ya fara sa faifai a gidan rawa na Warehouse a 1977, kasuwar disko ta faɗi bayan 1979, sai ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙin disko da na sol, kiɗan da ya samo salon rerawa daga majami'un baƙar fata, yana tsawaita sassan da masu rawa suka fi so. Da na'urorin ganga na kamfanin Roland suka samu, TR-808 a 1980 da TR-909 a 1983, aka ɗora waɗannan muryoyi a kan bugu huɗu madaidaita da ke maimaituwa ba fashi, aka sami kiɗan hawus, yayin da Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fitar da tekno a Detroit, kiɗan da ya fi hawus ƙarancin waƙa.

Yankinmu bai tsaya kallo ba, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa. Tun a 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da fiyanon lantarki, inda ya juya karin waƙoƙin gargajiya na Nijar zuwa sautin na'ura, rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna amfani da shi tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013. A Kano ma, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990, yana kwaikwayon sarewa da ganguna, kuma daga baya amafiyano, reshen hawus daga Afirka ta Kudu, ya shigo cikin waƙoƙin matasa.

Abin damuwa ga Potiskum shi ne, su Knuckles sun sami ɗimbin faifan iyayensu a ajiye suka gina a kai, alhali kiɗan Ngizim da Karekare da Bolewa, da ma kalangun mahauta a garin da ke da babbar kasuwar shanu, kaɗan ne daga cikinsu aka naɗa da kyau. Yaron da ke haɗa sauti a situdiyo yana ɗaukar abin da ya tarar a cikin manhaja, wanda galibi bugun wasu ƙasashe ne, su kuwa tsofaffin makaɗan da suka san asalin bugun suna rasa gayyatar biki saboda hayar DJ ta fi sauƙi. Naɗar waɗannan makaɗa da izininsu, tare da biyansu haƙƙinsu, aiki ne da bai fi ƙarfin masu situdiyo na garin ba.