Ƙananan Kaji da Girman Ƙwansu

A zangon karatu da ya wuce wani ɗalibi ya zo mini da wata 'yar kaza a kwali. Ya ce kuɗin da ya tara a hutu ya kai kasuwar Shuwarin ya sayo ta, domin mai ita ya ce masa irin ƙasar waje ce, wadda ba ta girma. Na duba zankonta, na saurari kukanta, sai na ga ashe budurwar kazar gida ce da ba ta gama girma ba. Bayan wata uku ta kamo sauran kajin gidansu. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu yi bayani a kan ƙananan kaji, don kada wani ya sake yin irin wannan ciniki.

Kajin da ƙanƙanta ta zama halittarsu Turawa suna kiransu bantam. Sunan ya samo asali ne daga Banten, wani gari mai tashar jiragen ruwa a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, inda matuƙan jiragen Turai suka riƙa sayen ƙananan kaji don guzuri. Waɗansu daga cikinsu suna da manyan 'yan'uwa masu kama da su sak, waɗansu kuwa ba su da babba ko kaɗan.

Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce Sebright, da wani Bature mai suna John Sebright ya samar a Ingila a farkon ƙarni na 19. Kowane gashi nata yana da baƙin layi a gefe, kamar an zana da alƙalami, kuma zakaran ba shi da dogon gashin wutsiya irin na zakarun da muka sani. Nauyinta bai fi giram 600 da ɗan wani abu ba. Serama ta ƙasar Maleshiya ta fi ta ƙanƙanta, sau da yawa ba ta kai rabin kilo ba. Takan tsaya ƙirji a gaba, wutsiya a sama, kamar soja a fareti. Siliki kuwa gashinta laushi gare shi kamar auduga, fatarta baƙa, yatsunta biyar maimakon huɗu. In mai sayarwa ya ce maka siliki ce, sai ka ƙirga yatsun kafin ka ƙirga masa kuɗi.

Akwai kuma Chabo ta Japan mai gajerun ƙafafu, wadda ta yi kama da abin da muke kira durgu. A nan ne mutane suka fi rikicewa. Durgun da muke gani a ƙauyukan Dutse da Kiyawa kazar gida ce mai gajerun ƙafafu, jikinta bai cika bambanta da na sauran ba. Game da Chabo, masana sun gano cewa in aka haɗa zakara da kaza masu gajerun ƙafafu duka biyu, kusan ɗaya daga cikin kowane tsaki huɗu yakan mutu a cikin ƙwai. Don haka masu kiwonta sukan haɗa mai gajerun ƙafafu da mai dogaye.

To, yaya girman ƙwan? Kazar gidan gona, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, takan yi ƙwai mai giram 55 zuwa 60. Na kazar gida yakan tsaya wajen giram 35 zuwa 40, kusan daidai da na zabuwa. Na bantam yawanci tsakanin giram 25 ne da 40, na Serama ma bai kai haka ba. Masu girki sukan sa ƙwan bantam uku a madadin manya biyu. Amma gwaiduwarsa tana da girma in aka kwatanta da farin, shi ya sa wainarsa take yin ja.

Kada dai a yanke wa kaza hukunci da ƙwanta na fari. Budurwar kaza da ƙananan ƙwai take farawa, su riƙa ƙaruwa har ta yi wata da watanni tana yi. Zafin Maris da Afrilu ma yana rage girman ƙwai, haka nan ƙarancin ruwan sha da abinci. Wanda yake son sanin gaskiya sai ya tara ƙwai goma, ya kawo ɗakin kimiyya mu ɗora a sikeli, mu raba nauyin gida goma.

A ganina, wanda ƙwai yake so ya sayar kada ya sayi bantam, domin a kasuwar Dutse mai saye girma yake dubawa. Amfaninta yana wajen kwanci. Siliki musamman ba ta gajiya da zama a kan ƙwai, kwana 21 na kaza, har ma kwana 26 zuwa 28 na zabuwa, kamar yadda iyayenmu suke sa wa kaza ƙwan zabi da damina. Sai dai a tuna jikinta ƙarami ne. In manyan ƙwai ne, shida ko bakwai sun ishe ta, in sun fi haka na gefe za su huce su lalace.