Ziyarar Iyali Zuwa Kogunan Birnin Kudu

Kalmar koguna jam'i ce ta kogi, kuma jam'i ce ta kogo. A nan ana nufin kogunan dutse da ke Birnin Kudu a Jihar Jigawa, waɗanda magidanci daga Unguwar Ya ko Gwaram zai iya kai iyalinsa su gani, su komo gida a yini guda.

Mafi shahara daga cikinsu su ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A jikinsu mutanen da suka zana hotunan shanu, wasu masu dogayen ƙaho, wasu masu gajeru. Abin lura shi ne shanun ba su da tozo, alhali na Fulanin yankin a yau masu tozo ne. Wannan ya nuna cewa an yi kiwon wani irin shanu dabam a wurin. Akwai kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan aka ƙwanƙwasa su, waɗanda Baturen Ingila Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da wurin, don haka ya kamata baƙi su nemi ɗan jagora. Shi zai nuna zanen da ya dusashe, ya kuma hana yara shafa shi ko rubuta sunayensu da gawayi, domin zanen da ya goge ba shi da madadi. Malami na iya sa ɗaliban da suka je su rubuta insha'in siffantawa a kan Dutsen Habude.