Tsohuwar Marsandi ko Golf Mai Tamfol: Lissafin Mai Saye a Arewacin Yobe

Mota mai buɗaɗɗen kai ba kasafai ake ganinta a tsakanin Machina da Nguru da Gashuwa ba, amma duk lokacin da ɗan kasuwa mai sha'awa ya taka dillali a Kano, iri biyu ne suka fi saurin shiga cikin zance: tsohuwar Marsandi ƙirar SL mai kujera biyu, da Golf ta hannu mai rufin tamfol.

Marsandin, wadda kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera daga 1971 zuwa 1989, ita ce mai cika ido. Injinta silinda shida ne ko takwas, nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi, kuma tana da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a cire. Wannan rufi ba ƙaramin amfani gare shi ba a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin ɗaka, zafin bazara kuma ya haura digiri 40. A nan ta fi Golf, domin rana takan cinye tamfol, ɗinki ya saki, ga shi kuma samun sabonsa sai an aika nesa.

Sai dai daga nan lissafi ya juya. Cikin Marsandin a ƙasa yake, an yi ta ne domin shimfiɗaɗɗen titin Jamus. Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan Machina da ke kusa da iyakar Nijar, nauyin nan shi zai binne ta a rairayi. Golf mai tamfol, musamman ƙirar 1993 zuwa 2002, silinda huɗu gare ta, ba ta da nauyi sosai, tana kuma ɗaukar mutum huɗu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, bambancin silinda huɗu da takwas ya zama kuɗin cefanen gida.

Babban abin dubawa shi ne kayan gyara. Injin Golf mai tamfol ɗaya yake da na sauran Golf da suka cika tashoshin mota na Arewa, saboda haka bakanike a Nguru ya san cikinta, safaya kuwa ba ta wuce tafiyar yini. Idan famfon man Marsandin ya lalace, mota za ta kwana a gindin bishiya ana jiran saƙo daga Kano ko Legas, wani lokaci ma daga Turai.

Masu kare Marsandin sukan ce darajarta hawa take yi a ƙasashen waje, inda ake ajiye irinta kamar kadara. Gaskiya ne, amma mai sayen ba ya Gashuwa. Kadarar da ba ta da mai taya a kasuwar da ke kusa, kuɗi ne a kwance.

Akwai kuma batun takardu. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, kuma dukkan ƙirar biyu sun wuce shekarun da doka ta yarda a shigo da su. Abin da ke kasuwa, ke nan, wanda ya riga ya sha hannu ne a cikin gida. Mai saye ya fara neman takardar kwastan kafin ya saurari ƙarar inji, domin shingayen bincike a hanyar Nguru zuwa Haɗeja ba su san motar ƙawa ba.