Adon Mulufi da Waƙar Kanari: Aikin Homon a Jikin Tsuntsaye

Idan damina ta kankama a fadamun Kazaure da gonakin dawa na Roni da Gwiwa, namijin mulufi yakan sauya gashi zuwa ja da baƙi, yana kumbura jiki yana tsaron yankinsa. Bayan kaka kuwa sai ya koma ruwan ƙasa kamar tamatarsa. Mai kallo zai zaci homon ɗin maraina, wato testostiron, shi ne ke yin wannan aiki.

Gwajin Emil Witschi na Jami'ar Iowa ya nuna akasin haka: mazan da aka fiɗiye sun ci gaba da yin adon damina a kan lokacinsa. Ya danganta sauyin ga homon ɗin LH, wanda ƙullin fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa.

Waƙa kuwa sha'aninta daban ne. A 1980, Fernando Nottebohm na Jami'ar Rokafela ya ba matan kanari testostiron, sai cibiyoyin waƙa na ƙwaƙwalwarsu suka ƙara girma, suka soma rerawa irin ta maza. Saboda haka masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa su yi hattara da "sinadarin mazantaka", domin a jikin mulufi kalmar ba ta bayyana asalin adonsa.