Yarinyar da Ke Kuka a Fim: Dalilai da Sakamako

Tun daga Sangaya, inda Zubaina 'yar aiki ke shan wulaƙanci a gidan sarauta, har zuwa Labarina na Aminu Saira da ya fara fitowa a 2020, budurwar da wahalar gida ta yi wa katutu ta zama ginshiƙin fim ɗin Hausa. A Sifawa da Boɗinga da Shagari, a shagon caji ake tura wa mutum irin waɗannan fina-finai, da dare mata su zagaye waya ɗaya a tsakar gida.

Babban dalilin yawaitarsu shi ne labarin ba baƙo ba ne. Mutuwar maigida da rikicin gado da yawan saki duk kan 'ya mace suke ƙarewa: ita ce mai talla, ita ce mai raino, ita ake fara cirewa daga makaranta. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni, wadda ta bar marayu ba iyaka. Sai dalilin kasuwa: shiri mai dogon zango a YouTube yana buƙatar abin da zai dawo da mai kallo kowane mako, kuma tausayin marainiya na yin wannan aiki.

Amfanin a fili yake. Fim ɗin Dry na Stephanie Linus ya fito da yoyon fitsari bainar jama'a ta bakin Halima 'yar shekara 13, The Milkmaid kuma ya nuna halin matan da aka sace. Abin da kunya ke hana faɗa a gaban surukai, fim ya buɗe ƙofar zancensa.

Illar tana ƙarshen labari. Sau da yawa ɗan mai kuɗi ne ke zuwa da mota ya share hawaye, sai yarinya ta koyi cewa mafita ita ce jira.

Ƙasar Sakkwato kuwa tana da wani tafarkin. Shehu Usmanu, wanda ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta rasa mahaifiya tana ƙarama, ta yi hijirar Gudu a 1804 tana da shekara 11, amma ilimi ya kai ta ga kafa 'Yan Taru, ƙungiyar koyar da mata. Marubutan fim su riƙa nuna yarinyar da karatu ko sana'a ta fitar, domin ita ce 'yar kallo za ta iya koyi da ita.