Daga Matamai zuwa Daura: keke ma abin tafiya ne

A garin Matamai, cikin jahar Damagaram, an fi sanin keke da ɗaukar kaya zuwa kasuwa da kai yara makaranta. Amma wanda ya hau shi ya miƙi hanyar kudu, kafin rana ta faɗi ya kwana a wata ƙasa. Kwaltar da ta taso daga Takeita ta ratsa Matamai, ta isa Ɗan Barto, inda ƴan duwan da jami'an tsaro suke, ta tsallaka Kongolam, sannan ta shiga Daura.

Mai mota yakan wuce wannan hanya ne kamar iska. Mai keke kuwa yana tsayawa a rijiya, yana gaisawa da manoma, yana jin farashin gero da gyaɗa ƙauye bayan ƙauye. A Daura zai ga rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. In ya dace da watan Mauludi, ya kalli hawan Sallar Gani. Mai sauran ƙarfi ya zarce Kano, ya hau Dala, ya leƙa marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi.

Wanda ke ganin nisan ya yi yawa, ya tuna da Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini. A shekarar 2023, da kuɗin jirgi suka gagare shi, ya hau keke da niyyar zuwa jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har ya kai Cadi, kimanin kilomita 4.000 cikin wata huɗu. An tsare shi sau uku a hanya. Daga Cadi ne masu alheri suka biya masa jirgi, Azhar kuma ta karɓe shi karatu kyauta.

Labarinsa ya nuna inda wahalar take: shingaye sun fi hawa da gangara cin matafiyi. Iyakar da Turawan Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba dangi masu harshe ɗaya. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ƴan yankin damar zirga-zirga ba biza. Duk lokacin da aka rufe, ɗan kasuwa da mai ziyara tare suke shan wuya.

Don haka mai niyya ya fara tambayar halin da iyaka take ciki, ya riƙe katin ɗan ƙasa da takardar sayen kekensa, ya canji ƴan nairori tun daga gida. Ya tanadi famfo, kayan faci da jarkar ruwa. Lokacin ɗari ya fi dacewa, a yi sammako, a huta da azahar, kada a yi tafiyar dare. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.